A Fito da Darasin Projeksiyon Daga Allo Zuwa Filin Makaranta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani babi na lissafi da ake koyarwa a kwaleji da lise, wanda a ganina ba a ba shi haƙƙinsa. Babin shi ne projeksiyon, wato sauke ɗigo ko layi ko wata siffa a kan wani layi ko shimfiɗaɗɗen wuri ta hanyar bin alkibla guda. Ni malamin lissafi ne a nan Tawa, kuma na rubuto ne domin abokan aikina, da masu tsara manhaja, da iyayen da ke duba littattafan ƴaƴansu idan sun dawo daga makaranta.

Yadda aka saba koyar da shi sananne ne ga duk wanda ya zauna a aji. Malami zai ja layi biyu a allo, ya ɗora ɗigo ya kira shi M, ya ja layi na uku daga ɗigon har ya taɓa layin ƙasa, ya ce inda ya taɓa shi ne M', sannan ya rubuta ma'anar abin da Faransanci yara su kwafe. Za a ba da aikin gida biyu ko uku masu kama da na allo, a wuce babi na gaba. Da yake babin gajere ne, kuma yara ba su cika ganinsa a matsayin tambaya mai zaman kanta a jarrabawa ba, shi ne na farkon da ake taƙaitawa idan shekara ta ƙure alhali manhaja ba ta ƙare ba. Illar hakan ba ta bayyana nan take. Tana bayyana ne daga baya, lokacin da yaron ya iso ka'idar Tales ya haddace ta ba tare da ya san daga ina ta fito ba, da lokacin da aka ce masa kosinus rabon wannan gefe ne da wancan ya karɓa don malami ne ya faɗa, da lokacin da ya shiga lise aka kawo masa bektar (adadi mai girma da alkibla) da rarraba ƙarfi a darasin fizik ya ga kamar sabon yare ake yi masa. Duk waɗannan rassa ne na abu guda. Hatta lambobi biyun da muke bai wa ɗigo a kan takarda, x da y, ba komai ba ne illa inda ɗigon ya sauka a kan layin kwance da inda ya sauka a kan layin tsaye.

Abin da nake so in jawo hankali gare shi shi ne, babin nan yana da tambaya guda wadda ita ce ransa, kuma ita ce ba ma yi wa yara: idan aka sauke siffa, mene ne yake tsira, kuma mene ne yake salwanta? Yaron da ya iya amsa wannan da bakinsa, ya kuma nuna da hannunsa, ya fahimci babin ko da ya manta yadda aka jera kalmomin ma'anar. Wanda bai iya ba kuwa, haddarsa ba za ta raka shi ajin gaba ba.

Kayan aikin da ake bukata don amsa tambayar suna nan a kowace makaranta, har wadda azuzuwanta na zana ne. Nisan rana da duniya ya kai wajen kilomita miliyan 150, saboda haka haskenta da ke sauka a filin makaranta yana zuwa ne a layuka masu bin alkibla ɗaya, ba sa haɗuwa ba sa rabuwa, gwargwadon abin da ido da ma'auni za su iya ganewa. Inuwar da rana ke yi wa abu a ƙasa ita ce ainihin projeksiyon ɗin da muke zanawa da alli. A samo miƙaƙƙen kara, a ɗaura tsumma a daidai tsakiyarsa, a ɗaura wani a kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, a ba yaro ya riƙe shi a karkace yadda ya ga dama. Ƴan ajin za su auna inuwar su ga tsawonta ya bambanta da na karan, wani lokaci ta fi shi, wani lokaci ta gaza. Amma inuwar tsumman farko tana nan a tsakiyar inuwar karan, ta biyun kuma a kashi ɗaya cikin huɗu, duk yadda aka juya karan kuma ko da wane lokaci na yini aka gwada. Tsawo ya salwanta, rabo ya tsira. Wannan ita ce ka'idar Tales tun kafin a ba ta suna. Idan aka ɗaga tagar katako ko wani murabba'in kwali, za a ga gefunan da ba sa haɗuwa a jikin kwalin ba sa haɗuwa a inuwar ma, amma kusurwoyin sun karkace sun daina zama digiri 90. Faifai kuma, idan aka karkata shi, inuwarsa takan bar da'ira ta zama siffa mai tsawo ta gefe ɗaya. A cikin awa guda yara sun gano da kansu dukan abin da babin ya ƙunsa, sauran aikin malami shi ne ya koma aji ya nuna musu dalilin da ya sa dole abin ya kasance haka.

Marubutan da suka zo bayan Tales, masanin Girka wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ruwaito cewa da inuwa ya auna tsawon dala a Masar. Ɗalibanmu za su iya yin irin wannan da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27. A lokacin da sanda mai mita 2 take ba da inuwa mita ɗaya da rabi, inuwar hasumiyar za ta kai mita 20 da kwata. Akwai wani tarko a nan da nake son yaro ya faɗa cikinsa sau ɗaya domin ya koya: hasumiyar tana da faɗi a gindi tana tsukewa a sama, don haka ba daga jikin bango ake fara awon inuwar ba, daga inda ƙololuwar za ta sauka ne da an saki igiya mai nauyi daga can sama, wato daga tsakiyar gindin. Yaron da ya gane haka ya gane projeksiyon na tsaye cak ba tare da an karanta masa ma'anarsa ba.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke koyar da babin kamar baƙo ne a ƙasar nan, alhali da yawa daga cikin yaran da ke gabanmu sun riga sun ji rabinsa a makarantar allo ko a zauren karatu. A fiƙihun Malikiyya, lokacin Azahar yana shiga idan rana ta gota tsakiyar sama inuwa ta fara ƙaruwa, lokacin La'asar kuma yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa da tsakar rana. Malamai sun ƙiyasta tsayin mutum da tafin ƙafarsa bakwai, shi ya sa dattawa ke taka inuwarsu suna ƙirgawa tun kafin agogo ya yaɗu. To, a sa lambobi a kan wannan a gani. Tawa tana kusan digiri 15 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen watan Disamba rana ba ta wuce digiri 52 a sama da tsakar rana, saboda haka sanda mai mita ɗaya tana da inuwa wajen santimita 79 tana kallon arewa. Idan aka mayar da wannan ga awon dattawa, inuwar tsakar rana ƙafa biyar da rabi ce, La'asar kuma sai ta kai ƙafa goma sha biyu da rabi. A farkon watan Mayu kuwa rana takan bi ta saman kanmu daidai, inuwar sanda ta ɓace ƙarƙashinta, sai La'asar ta shiga a ƙafa bakwai cif, lokacin da rana take digiri 45 a sama. A Yamai wannan ranar takan zo a ƙarshen Afrilu, ta sake dawowa a watan Agusta lokacin ana hutu. A watan Yuni kuma inuwar tsakar rana a Tawa kudu take kallo, tsawonta wajen santimita 15. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin shigar da tanjant, wanda a nan shi ne rabon tsawon sanda da na inuwarta, cikin kan yaro ba, domin lissafin ya haɗu da abin da yake ji daga bakin ladan sau biyar a yini.

Projeksiyon na tsaye cak, wanda layin saukarwa ke yin digiri 90 da wurin da ake sauka, shi ne ya fi yawan aiki a rayuwa, kuma daga gare shi kosinus ya fito: tsawon abin da ya sauka daidai yake da tsawon asali sau kosinus na kusurwar karkatarsa. Manomin da gonarsa take kan gangaren tsaunukan Adar, wajen Keita, idan ya ja igiya mita 100 a kan gangare mai digiri 20, a taswira mita 94 za a rubuta masa, domin taswira daga sama take kallon ƙasa. Ba zaluntarsa aka yi ba, kuma ɗansa da ke lise ya kamata ya iya yi masa bayani. Mai ginin da faɗinsa mita 8 ne, idan zai yi rufi mai gangare biyu wanda tsakiyarsa ta tashi mita 3, kowane gefe mita 5 ne, wato kwanon mita 10 zai saya, ko da yake zanen da aka yi daga sama mita 8 yake nunawa. Jakin da ke jan guga a rijiya da igiya a karkace, ba duk ƙarfin da ke jikin igiyar ne ke bin hanyar tafiyarsa ba. Farantin sola kuma ana ɗan karkata shi zuwa kudu da kimanin digiri 15 a yankinmu domin haske ya fi sauka a kansa a miƙe a tsawon shekara. Ƙasar da ta haifi Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, bai dace a ce ɗalibanta suna ganin farantan nan a kan rufin gidaje ba su san dalilin karkatarsu ba.

Sai kuma asarar da ta fi kowace girma, wadda littattafan aji ke ambata a layi ɗaya su wuce. Duk ɗigogin da ke kan layin saukarwa guda a wuri ɗaya suke sauka, don haka daga inuwa kaɗai ba a iya komawa ga abin da ya yi ta. Tulu da ganga da jinkar rumbu, idan aka dube su daga sama, duka da'ira ce. Wannan ne ya sa mai zanen gini ko na inji ba ya wadatuwa da zane ɗaya, sai ya yi na gaba da na sama da na gefe, kowane yana mayar da abin da ɗayan ya zubar. Gaspard Monge na Faransa ne ya tsara wannan hanya ta zama ilimi mai ka'ida, kuma an daɗe ana ɓoye ta a matsayin sirrin soja kafin ya koyar da ita a fili a Paris a 1795. Maginanmu na gargajiya suna riƙe da waɗannan fuskoki uku a cikin kansu. Falke Barmou, wanda ya gina masallacin Yama a nan jihar Tawa, har ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986, irin wannan gwaninta ce da shi. Amma yaron da zai je makarantar koyon sana'a a yau, ya zama kafinta ko mai walda ko mai haɗa wutar lantarki, takarda za a miƙa masa a ce ya karanta, kuma idan bai taɓa tambayar kansa abin da zane ɗaya ke ɓoyewa ba, zai daɗe yana ɓata ƙarfe da katako.

Ina ganin ya kamata ɗaliban lise su ga nau'i na biyu na projeksiyon, wanda layukan saukarwarsa ba sa bin alkibla guda, ko da sau ɗaya ne, domin da kwatanci ake gane darajar na farko. Idan aka bar rana aka kunna tocila a ɗaki mai duhu, hasken daga ɗigo ɗaya yake fitowa yana bazuwa. A maimaita gwajin karan nan a karkace, za a ga inuwar tsumman ta kauce daga tsakiya. Rabo ma ya salwanta ke nan, abin da ya rage shi ne miƙaƙƙen layi yana nan a miƙe. Haka ido yake gani, haka kuma kyamarar wayar da ke aljihun yaran take ɗaukar hoto, shi ya sa gefuna biyu na hanyar Tawa zuwa Agadas suke haɗuwa can nesa a cikin hoto alhali a ƙasa ba su taɓa haɗuwa ba. Ibn al-Haisam ya yi bayanin yadda haske ke tafiya a miƙe ya shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa a littafinsa na ilimin gani, wanda ya rubuta a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, kuma masu zanen Italiya sun mayar da wannan fahimta ƙa'idar zane a ƙarni na 15.

Taswirar duniya da ke rataye a bangon ofishin darakta ita ce inda tambayar tsira da salwanta ta fi zafi. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuma shimfiɗaɗɗiya, kuma kamar yadda ba a baje ƙwarya a ƙasa ba tare da ta fashe ba, haka ba a baje doron duniya a takarda ba tare da an ɓata wani abu ba. Gauss, masanin lissafi na Jamus, ya tabbatar da tushen wannan da hujjar lissafi a 1827. Taswirar da Mercator ya fitar a 1569 ta zaɓi ta kiyaye kusurwa, domin matuƙan jiragen ruwa yake yi wa aiki, kuma kuɗin da ta biya shi ne girman ƙasashe. A digiri 60 arewa tana ninka tsawo sau biyu, faɗin ƙasa kuma sau huɗu, alhali a wajen digiri 15 inda muke ƙarin bai wuce kashi 7 cikin 100 ba. Lambar da ake ninka tsawon da ita ita ce ɗaya a raba da kosinus na digirin wurin, wato kosinus ɗin nan dai na gonar Keita. Shi ya sa Girinlan, tsibirin da ke can arewa mai nisa, take bayyana kamar ta kai Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita wajen miliyan 30, ta ninka ta kusan sau 14. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran da ake yi na a koma ga taswirar da ke kiyaye girman ƙasashe, kuma ina tare da wannan kira a kan taswirar da za a rataya wa yara a aji. Sai dai ba na son ɗalibina ya fita da tunanin cewa an samu taswirar gaskiya an jefar da ta ƙarya. Wadda ta kiyaye girma ta ɓata siffa. Abin da nake so shi ne idan aka miƙa masa kowace taswira ya fara tambayar me ta kiyaye, me ta sadaukar, kuma don wane aiki aka yi ta.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma ba ƙarya za su faɗa ba. Aji yakan cika har malami ya rasa inda zai bi ya kai bayan ɗaki, fitar da irin wannan taro fili kuwa sai da shiri. Zafin Afrilu da Mayu ba ya barin a tsaya a rana da tsakar yini. Lokaci ya yi kaɗan, sufeto kuma littafin darasi zai duba ya ga inda aka kai. Amsata ita ce, gwajin kara da kwali da ƙarfe takwas na safe ake yin sa, ba ya bukatar tsakar rana, awon tsakar rana kuma yara biyu ko uku sun isa su yi su kawo wa sauran lambobin. Awa ɗayar da aka kashe a fili za ta dawo ninki a babin Tales da na kosinus, domin ba za a sake farawa daga tushe ba. Amma gaskiyar da ta fi wannan ita ce malami yana koyar da abin da ake tambaya ne. Muddin masu shirya jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji da ta Bak ta kammala lise ba su riƙa kawo tambayar da za ta sa yaro ya ce wane abu ne ya tsira a wannan zane kuma me ya sa ba, babin zai ci gaba da zama na haddar dare ɗaya. Haka nan inda ake horar da malamai, ya kamata wanda zai koyar ya riƙe karan da hannunsa kafin a tura shi aji, domin da wuya mutum ya fitar da yara yin abin da shi bai taɓa yi ba.

Akwai ranar da ta dace kowace makaranta ta sa a jadawalinta. A ranar 28 ga Mayu, wajen ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijar, rana takan tsaya a saman Ka'aba, don haka inuwar duk sandar da aka kafa a tsaye tana nuna kishiyar alƙibla. Ɗaliban Tawa za su auna su ga alƙiblarmu ta karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 16.

Roƙona na ƙarshe ga jaridarku ne, Malam Edita. Wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Eratostin ya kwatanta inuwar tsakar rana a Iskandariya da ta Aswan, ya samu bambancin kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, da shi ya ƙiyasta kewayen duniya. Makarantunmu za su iya maimaita wannan a ranar 21 ga Maris, lokacin da dare da rana suke daidaita. Kowace makaranta ta kafa sanda mai mita ɗaya a tsaye cak a shimfiɗaɗɗen wuri marar gangare, ta auna inuwar a lokacin da ta fi gajarta. A Yamai za a samu wajen santimita 24, a Tawa kusan 27, a Agadas kusan 31. Daga waɗannan lambobi za a fitar da bambancin digiri uku da rabi tsakanin Yamai da Agadas, idan kuma aka haɗa shi da nisan da ke tsakaninsu ta kudu da arewa, ba nisan hanyar mota ba, lissafin zai kai ɗalibai kusa da kilomita 40,000. Ina roƙon ku ware ɗan gurbi a fitowar da za ta biyo bayan wannan rana, ku buga awon da makarantun Yamai da Dosso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas za su aiko, tare da sunan kowace makaranta da lokacin da ta yi awon, domin kowane aji ya samu lambobin sauran ya yi lissafinsa da kansa.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Wani malamin lissafi,
Tawa